Lissafin taurarin Indiyawa: ilimi ne ko duba?

Aminu (Jaipur): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware mini. Mai gidan hayarmu zai aurar da 'yarsa, ya miƙo mini katin gayyata. Na duba na ga an rubuta lokacin ƙulla aure ƙarfe 1:42 na dare. Na ɗauka kuskuren maɗaba'a ne. Ya ce a'a, pandit ne, wato malamin addininsu, ya fitar da lokacin. Ashe ma na ga ranar da mutumin ya zo. Ya zauna a kan darduma a tsakar gida, kwamfuta a cinyarsa, a gefensa wani littafi mai rawayar bango da duk ya tsufa, shafukansa cike da lambobi ƙanana kamar tururuwa. Abu uku ya tambaya game da amarya da ango: ranar haihuwa, lokacin haihuwa har da minti, da garin da aka haife su. Sai ya zana wani murabba'i mai gida 12 ya riƙa cike shi. Littafin sunansa panchang, kusan kowane gida akwai irinsa rataye a bango. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, littafin nan ya faɗi lokacin fitowar rana a Jaipur, na gwada da agogo kwana uku a jere, daidai. Yana kuma ɗauke da ranakun husufi na shekarar. To yaya abu zai zama daidai haka kuma a ce shirme ne?

Ustaz Abu Fatima: Wa alaikumus salam. Aminu ka ji tsoron Allah, ka je karatun injiniya ne, ba bokanci ba. Duba duba ne, ko da ƙasa aka buga ko da kwamfuta. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya ɗebi wani yanki na ilimin taurari ya ɗebi yanki na sihiri. Ni a ganina ma bai kamata a buɗe wannan maganar a zaure ba.

Aminu (Jaipur): Allah ya gafarta Malam, wallahi ban ba shi ranar haihuwata ba, ban kuma nemi ya duba mini komai ba. Lissafin nake tambaya.

Malam Lawal: Ustaz a yi haƙuri a bar yaron ya yi tambayarsa, tambaya ce mai kyau. Shekara 26 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma na ɗan bibiyi wannan fanni. Su kansu Indiyawan sun raba ilimin da suke kira jyotisha gida uku. Akwai siddhanta ko ganita, shi ne lissafin tafiyar rana da wata da sauran taurari masu tafiya. Akwai samhita, alamomin ruwa da fari da makamantansu. Akwai hora, shi ne duban mutum daga lokacin haihuwarsa. Abin da Aminu ya gwada da agogo na gidan farko ne.

Kalmar panchang ma'anarta gaɓoɓi biyar: tithi, vara, nakshatra, yoga, karana. Vara ranar mako ce kawai. Tithi shi ne mai daɗin. Mu muna ƙirga kwanan wata daga magariba zuwa magariba. Su tazarar da ke tsakanin wata da rana suke aunawa a sama. Kewayen sama digiri 360 ne. Duk sanda wata ya ƙara tsere wa rana da digiri 12, tithi ɗaya ya cika. 360 a raba da 12, an sami 30. To shi wata ba tafiya ɗaya yake yi ba, in ya kusato duniya yana sauri, in ya yi nisa yana jan ƙafa. Shi ya sa tithi yakan yi gajarta har wajen awa 19 zuwa 20, yakan kuma yi tsawo har wajen awa 26. Yana iya ƙarewa da hantsi, yana iya ƙarewa da la'asar. Aminu duba kalandar bangon, za ka ga an rubuta lokaci a gaban kowane tithi.

Aminu (Jaipur): Haka ne Malam! Na yau an rubuta 16:17 a gabansa. Kullum ina gani ban san me ake nufi ba.

Malam Lawal: To lokacin da tazarar za ta cika ke nan. Karana rabin tithi ne, digiri 6. Nakshatra kuma masaukin wata ne. Sun yanka hanyar sama gida 27, kowane gida digiri 13 da minti 20 na kusurwa, domin wata yana zagaye taurari a kwana 27 da 'yan awoyi, kusan masauki ɗaya kowane dare. Yoga kuwa sai a haɗa matsayin rana da na wata a raba shi ma gida 27. Duk wannan babu gaibu a ciki, auna kusurwa ne da raba lamba.

Baba Manomi: Jikana ne ke rubuta mini. Malam Lawal wannan masaukai da ka faɗa ai mu ma muna da su, sai dai namu 28 ne. Mahaifina Allah ya jiƙansa da su yake shuka. Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowane tauraro kwana 13, in ban da guda ɗaya da ake ba 14 don shekara ta cika 365. Wani malami a garinmu shi ke riƙe da lissafin, a je a tambaye shi yau kwana nawa tauraro kaza ya shiga. Ko su ma daga Larabawa suka samo?

Dakta Hauwa: Baba barka da war haka. Namu daga Larabawa ne, manazilul ƙamar, sunayen ma sun nuna. Na Indiya kuwa ya riga Musulunci da nisa, jerin sunayen yana cikin tsofaffin littattafan addininsu tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A tsohon jerin ma sukan ƙirga 28, akwai wani da ake kira Abhijit da aka ajiye gefe don rabon ya tafi daidai. Abin sha'awa shi ne taurarin da dama ɗaya ne. Abin da suke kira Krittika shi ne Surayya, wato Kaza da 'Ya'yanta. Rohini shi ne Dabaran, jan tauraron nan da ke biye da Kaza. Chitra shi ne Simak. Bambancin aiki: ku manoma kuna bin inda rana take, shi ya sa kowane tauraro ke yin kwana 13. Su suna bin inda wata yake, sai masaukin ya sauya kusan kullum.

Ustaz Abu Fatima: Baba ku gafarce ni, amma ko wannan na shuka akwai magana a kansa. Bayan ruwan da aka yi a Hudaibiyya ai an ce wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro.

Baba Manomi: Malam mu ba mu taɓa cewa Ɗarfa ke ba da ruwa ba. Allah ke ba da ruwa. Tauraro alama ce ta lokaci, kamar yadda inuwa ke nuna azahar ta yi. Shekarun fari ma ai taurarin sun shiga sun fita, gero ya bushe a gona muna kallo.

Ustaz Abu Fatima: Wannan kam haka yake Baba, kuma malamai sun yi wannan rabon. Akwai ilmut tasyir, sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokutan salla da yanayi, wannan halas ne, a Suratu Yunus ma an ambaci masaukan wata don a san adadin shekaru da lissafi. Akwai ilmut ta'asir, cewa tauraro na da tasiri a kan arziki da aure da ajalin mutum, wannan shi ne haramun. Tsorona ga yaranmu da ke can shi ne abubuwan biyu a littafi ɗaya suke, a bakin mutum ɗaya. Wanda ya ga na farko ya yi daidai sai zuciyarsa ta fara karkata ga na biyu. Ai ga shi Aminu da bakinsa ya ce yaya abu zai zama daidai haka kuma a ce shirme ne.

Aminu (Jaipur): Na karɓi wannan Malam. Gaskiya abin da ya faru da ni ke nan, shi ya sa na kawo.

Malam Lawal: Bari in nuna muku yadda magabatansu suka yi lissafin ba kwamfuta, don ni a nan abin ke burge ni. Ba su san rubuta lamba da ɗigo irin 365.2587 ba. Sai suka ɗauki zamani mai tsawon gaske, shekara 4,320,000, suna kiransa mahayuga, suka faɗi sau nawa kowane abu ke zagayowa a cikinsa. A littafin Surya Siddhanta, rana na zagaye sau 4,320,000, wata sau 57,753,336, kwanaki kuma 1,577,917,828. Duk wanda ke da kalkuleta a waya ya raba kwanakin da shekarun, zai sami 365.258756. Wato kwana 365, awa 6, minti 12 da daƙiƙa 36 da 'yan kai. Awon zamani na shekarar taurari kwana 365 ne, awa 6, minti 9 da daƙiƙa 10. Kuskuren bai kai minti uku da rabi ba a shekara, ga mutanen da ba su da madubin hangen nesa.

In mai lissafi yana son sanin inda wata yake yau, sai ya fara ƙirga kwanakin da suka wuce daga ranar da suka ɗauka a matsayin mafari, farkon zamanin Kali, wadda ta yi daidai da 18 ga Fabrairu shekara ta 3102 kafin miladiyya. Wannan ƙirgen sunansa ahargana. Daga nan sai lissafin nan da muke koya wa 'yan aji ɗaya: in kwana kaza ya ba da zagaye kaza, kwana kaza zai ba da nawa? A zubar da cikakkun zagaye, ragowar ita ce matsayin wata na tsaka-tsaki. Sai a yi masa gyara saboda saurinsa da jan ƙafarsa, a nan suke amfani da jadawalin jya, abin da ɗalibanmu suka sani da sain. Sai a sake gyara saboda nisan garinka daga Ujjain, wani tsohon birni a tsakiyar Indiya, don ta kan Ujjain suka ja layinsu na farko, yadda Turawa suka ja nasu ta Greenwich daga baya. Shi ya sa pandit ya tambayi garin haihuwa.

Sadiq: Malam kana nufin sain ɗin da ya wahalar da mu a jarrabawa daga Indiya ya fito?

Dakta Hauwa: Daga can ne Sadiq, kuma ta hannun Musulmi ya bi. Wajen shekara ta 771 zuwa 773, zamanin Halifa Mansur, wata tawaga daga Sind ta iso Bagadaza da wani masani ɗauke da littafin falaki na Sanskrit. Halifa ya sa aka mayar da shi Larabci, Al-Fazari da Yaƙub ɗan Ɗariƙ suka yi aiki a kansa, aka sami abin da ake kira Sindhind, wato siddhanta a bakin Balarabe. Al-Khawarizmi ma ya yi nasa jadawalin a kan wannan tsari. Kalmar jya ko jiva ta Sanskrit, tsirkiyar baka, ta zama jiba a Larabci. Da yake ba a sa wasali, aka riƙa karanta ta jaib, aljihu ko lanƙwasar riga, masu fassara zuwa Latin suka ce sinus. Ujjain kuma ta zama Arin a littattafan Larabawa. Lambobin da muke rubutu da su ma Larabawa hisabul Hindi suka kira su.

Su ma Indiyawan sun ara. Burujai 12 ta hannun Girkawa suka shigo musu, kalmar hora ma ta Girka ce. Varahamihira, wanda ya zauna a Ujjain a ƙarni na 6, ya tattara tsare-tsaren lissafi biyar a littafi ɗaya, ɗaya daga ciki sunansa Romaka, na Rumawa.

Amma ga inda maganar Ustaz ta samu gindin zama a tarihi. Aryabhata, an haife shi 476, ya yi littafinsa 499 yana da shekara 23. Ya ce duniya ce ke juyawa, taurari a tsaye suke, kamar wanda ke cikin kwale-kwale yana ganin bakin kogi na gudu baya. Ya ce husufin wata inuwar duniya ce, na rana kuma wata ne ya shiga tsakani. Alhali jama'a sun yi imani wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye su. Brahmagupta, wanda ya rubuta nasa a 628 kuma ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafi da sifili, ya soki masu kore Rahu, amma da ya zo lissafa husufi da inuwar ya yi aiki. Al-Biruni, a littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya kama shi da wannan, ya nuna cewa mutumin ya san gaskiya, yana dai lallaɓa malaman addini da jama'a ne. Wato tun shekara dubu da suka wuce wani malamin Musulmi ya zauna ya koyi Sanskrit, ya tace abin, ya ɗauki lissafin ya ajiye tatsuniyar.

Baba Manomi: Mu ma da muna yara in wata ya yi zazzaɓi sai a ce rana ce ta kama shi, mu fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanuka muna kaɗawa wai ta sake shi. Malamai suna masallaci suna salla, mu muna bin unguwa.

Malam Lawal: Baba to su masu lissafin sai suka bar sunan suka sauya ma'anar. Hanyar wata ta ɗan karkace daga hanyar rana da kimanin digiri 5, suna gicciye juna a wuri biyu. Mahaɗa ɗaya suka kira Rahu, ɗayar Ketu. Husufi ba ya yiwuwa sai sabon wata ko cikar wata ta faɗo kusa da ɗaya daga cikinsu. Mahaɗun suna ja da baya, suna kewaye sama a shekara 18.6. Larabawa ma kai da wutsiyar dodo suke ce musu. Ga mai lissafi ɗigo ne a takarda. Ga mai duba kuwa taurari ne masu sharri, har akwai wani lokaci na kimanin awa ɗaya da rabi kowace rana da ake kira Rahu kalam, da yawa ba sa fara tafiya ko ciniki a cikinsa.

Aminu (Jaipur): Wannan na gani da idona. Wani abokin karatuna ɗan kudu ranar Litinin ba ya fita neman wani abu mai muhimmanci tsakanin 7:30 da 9:00 na safe.

Maman Hanif: Salamu alaikum. Ni ungozoma ce, shekara 14 a ɗakin haihuwa. Tun da Aminu ya ce har minti ake tambaya nake son magana. Wane minti? Lokacin da kai ya fito, ko da jiki ya gama fitowa, ko kukan farko, ko yanke cibiya? Wani jaririn sai mun share masa hanci mun murza bayansa kafin ya yi kuka. Kuma mu a wannan lokacin hankalinmu na kan jini da numfashi, sai an natsu a ɗaga kai a dubi agogon bango a rubuta, agogon ma wani lokaci yana gaba ko baya da minti goma. Na karɓi tagwaye da tazarar minti bakwai tsakaninsu, na san gidansu, yau ɗaya lafiyayye ne ɗaya kullum yana asibiti. Malam Lawal, kuskuren minti goma ko awa ɗaya yana sauya wani abu a lissafin nasu?

Malam Lawal: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Burujin da ke fitowa daga gabas a lokacin haihuwa, lagna suke ce masa, shi ne gida na farko a murabba'in da Aminu ya gani. Sama na juyawa digiri ɗaya kowane minti huɗu, buruji na sauyawa kusan kowane awa biyu. Wanda aka haifa a kan gaɓa, minti goma ya isa ya juya masa gidajen 12 gaba ɗaya.

Ga wanda ya fi. Suna da tsarin da ake kira vimshottari dasha, an raba shekara 120 tsakanin taurari tara: Ketu 7, Zahra 20, Rana 6, Wata 10, Mirrihu 7, Rahu 18, Mushtari 16, Zuhal 19, Uɗaridu 17. Wai kowane yana mulkin rayuwar mutum na tsawon shekarunsa. Inda za a fara ya dogara da masaukin wata a lokacin haihuwa da yawan abin da ya ci a cikinsa. Mu ɗauki masaukin Bharani, na Zahra, shekara 20. Faɗinsa digiri 13 da minti 20, wato minti 800 na kusurwa. Kowane minti ɗaya na kusurwa ya tashi kwana 9 ke nan. Wata yana cin kimanin minti 33 na kusurwa a awa. Kuskuren awa ɗaya a ɗakinku Hajiya ya gusar da jadawalin rayuwar mutum da kusan wata goma. Rabon daidai ne, ninkawar daidai ce. Amma a tambayi dalilin da ya sa Zahra ta sami 20 Rana ta sami 6, babu wani awo a sama da ya ba da wannan. An gada ne kawai.

Sadiq: To ni tambayata, an taɓa gwada su kuwa? A ba su takardun mutane a ga ko za su canka.

Dakta Hauwa: An gwada, kuma 'yan ƙasar ne suka yi. A 2008 a Pune, masanin falaki Jayant Narlikar da Narendra Dabholkar da abokan aikinsu suka tara bayanan haihuwar yara 200, rabi haziƙai a makaranta, rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aka ba kowane mai duba takardu 40 ya ware su. Mutum 27 suka dawo da amsa. Abin da suka samu daidai kimanin kashi 46 cikin 100 ne, wato canki-in-canka ma zai ba ka wajen 50. Duk da haka abin na da ƙarfi a ƙasar. A 2001 hukumar jami'o'insu ta amince a koyar da shi a jami'a, masana kimiyya suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a 2004.

Aminu (Jaipur): Akwai wani abu kuma. Ranar 14 ga Janairu aka yi bikin Makar Sankranti a nan, duk gari a kan soro, sama cike da jiragen takarda masu zare, ana rabon alewar riɗi. Mai gidanmu ya ce ranar ce rana ke juyowa arewa. Ni kuma na san tun 21 ko 22 ga Disamba take juyowa. Na yi shiru don kada in ɓata masa rai. Wa ke da gaskiya?

Malam Lawal: Kai ke da gaskiya a kan juyowar, shi kuma yana da gaskiya cewa ranar ce rana ke shiga burujin Makara, wato Jadyu, a lissafinsu. Da can abubuwan biyu rana ɗaya suke faɗowa. Ka san katantanwa in yara sun murza ta, tana juyi kanta kuma yana layi a hankali. Haka duniya take, layin nata yana ɗaukar kusan shekara 25,800 kafin ya zagayo. Saboda haka yanayi yana zamewa daga taurari da digiri ɗaya a kowace shekara 72. Turawa sun ɗaure burujansu da yanayi, Indiyawa sun ɗaure nasu da taurari. Wajen shekara ta 285 suna daidai, yanzu tazarar ta kai kimanin digiri 24, ita ake kira ayanamsa. Kwana 24 ɗin da ka gani tsakanin Disamba da Janairu ke nan. Shi ya sa mafi yawan mutane in mai duban Turai ya ce musu burujinsu kaza, na Indiya zai ce wanda ke bayansa ne. Sama ɗaya, mutum ɗaya, hukunci biyu.

Su ya su ma ba su daidaita ba. Bayan samun 'yanci gwamnati ta kafa kwamitin gyaran kalanda a 1952 ƙarƙashin Meghnad Saha, suka tarar da kalanda kusan 30 na aiki a ƙasar. Suka miƙa rahoto a 1955, kalandar ƙasa ta fara aiki 22 ga Maris 1957. Ayanamsar da aka fi bi tana ɗauke da sunan sakataren kwamitin, Lahiri, an ɗaure ta da tauraron Chitra. Amma akwai masu bin ta Raman, wadda ta bambanta da fiye da digiri ɗaya. Koma kan misalin Bharani, digiri ɗaya shekara ɗaya da rabi ne.

Dakta Hauwa: Ƙari a kan na Malam. Wancan kuskuren minti uku da rabi na Surya Siddhanta, in ya taru shekara 1,500 ya haura kwana uku. Masu gaskiya a cikinsu sun lura. Parameshvara a Kerala ya shafe shekara 55 yana kallon husufi yana gwadawa da lissafi, a 1431 ya fito da gyaran da ya kira drigganita, lissafin da ya dace da gani. Har yau a Tamil Nadu panchang iri biyu ne, na vakya mai bin tsofaffin baitocin da aka haddace, da na drik mai bin awon zamani, kuma sukan saɓa a kan ranar da Zuhal ke sauya buruji. Aminu kana zaune kusa da babbar shaida ma. Sarki Jai Singh na biyu ya ga jadawalan zamaninsa ba sa haɗuwa da sama, ya gina wuraren awo biyar, a Delhi, Jaipur, Ujjain, Varanasi da Mathura. Ya karanta na Musulmi, har jadawalin da aka fitar an sa masa sunan Sarki Muhammad Shah. Ka je wurin awon na Jaipur, Jantar Mantar, kuwa?

Aminu (Jaipur): Na je sau biyu Dakta. Akwai agogon inuwa mai tsayin mita 27, kamar matakalar da aka jingina da sama. Na tsaya a gindinsa na sa ido a kan farin dutsen da aka yi wa zane-zane, wallahi kana ganin inuwar na tafiya, kamar faɗin tafin hannu a minti ɗaya. Mai yi mana bayani ya ce an yanka zanen daƙiƙa biyu-biyu. A lokacin hoto kawai na ɗauka, ban san abin da nake kallo ba.

Sadiq: To in lissafi ya kai haka, me ya sa mu har yanzu muke jiran a ga wata kafin azumi?

Ustaz Abu Fatima: Sadiq wannan wata mas'ala ce daban, mu an umarce mu da gani, kuma sanarwa ta Sarkin Musulmi ce. Lissafi yana taimaka wa kwamiti ya san inda za a duba da kuma ko da'awar gani mai yiwuwa ce. Su tithinsu na farko yana farawa ne tun wata na tare da rana, lokacin ba idon da zai gan shi. Kuma suna ƙara wata na 13 a wasu shekaru, mu an hana mu taɓa adadin watanni, 12 ne.

Malam Lawal: Haka ne, adhika masa, kusan kowane wata 32 da rabi. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, sai su cike giɓin don bukukuwansu su tsaya a yanayinsu. Ƙa'idar mai sauƙi ce, duk watan da rana ba ta sauya buruji a cikinsa ba shi ne ƙarin.

Shugaban Zaure: Jama'a maganar ganin wata a buɗe mata nata zaren daban, don Allah. A ci gaba da ta Indiya.

Aminu (Jaipur): Yau ne daren bikin. Na sauka na duba kalandar bangon, an rubuta Rohini, tithi kuma ekadashi. Malam Lawal ko zan iya gwadawa da kaina?

Malam Lawal: Za ka iya. Yau kwana goma da Sankranti, rana ta shiga Makara a digiri 270, tana cin kusan digiri ɗaya kullum, tana wajen 280. Rohini daga digiri 40 ne zuwa 53 da minti 20, mu ce wata na 46. Daga 280 zuwa 360 akwai 80, a ƙara 46, an sami 126. Raba da 12, goma da rabi. Tithi goma sun cika, ana cikin na 11, shi ne ekadashi. Yanzu hau soro ka nemi Kaza. In littafin ya yi daidai za ka ga wata a gabas da ita, kusa da jan tauraron.

Ustaz Abu Fatima: Ka kalla ka yi tasbihi Aminu. In sun kira ka cin abinci maƙwabtaka ce, amma wurin da suke kewaya wuta suna kiran abin bautarsu kada ka zauna.

Aminu (Jaipur): In sha Allah Malam, gaisuwa kawai zan yi musu in dawo ɗaki. Na hau soron yanzu. Fitilun bikin sun haske unguwa, ga ƙarar ganguna, Kaza da ƙyar nake ganinta. Sai da na kare wata da tafin hannuna sannan na ga jan tauraron a gefensa.

Baba Manomi: Mu sai yanzu muka idar da isha'i. Na sa jikana ya riƙe ni muka fita bayan gida wajen rumbu. Akwai hazo amma sama ta buɗe ta tsakiya. Ga Kaza can, ga Dabaran, wata ya ɗan gota shi ta gabas. A lissafinmu yau daren goma ga wata. Malam Lawal in Allah ya kai mu gobe ina zai sauka, in sa yaron ya duba?

Malam Lawal: Gobe Mrigashira ne Baba, wato Haƙa'arku. Zai matsa gabas da digiri 13, kamar faɗin dunƙulen hannu da ɗan ƙari in kun miƙe hannun. Ku ce wa yaron ya nemi taurari ukun nan da ke jere, Haƙa'a tana arewa da su, wata kuma zai kasance arewa da ita.